ASALIN KIRARIN NAN NA "LAUYAN FILADELFIYA"

Duk ɗalibin da ya yi nisa cikin karatun Ingilishi, ba mamaki wata rana ya yi kiciɓis da wata magana da mutanen Amurka ke yi. In al'amari ya cukurkuɗe, aka rasa kansa aka rasa gindinsa, sai ka ji sun ce, ai wannan ko lauyan Filadelfiya sai ya ruɗe. In kuwa suka ga mutum mai kaifin baki, wanda ba a ƙure shi a magana, sai su laƙaba masa suna "Philadelphia lawyer", watau lauyan Filadelfiya, ko da bai taɓa taka garin ba, kai, ko da ma ba lauya ba ne.

In kun buɗe ƙamus za ku tarar an ba maganar ma'ana biyu. Ta fari yabo ce, watau gwanin lauya wanda ya san shari'a ciki da bai. Ta biyu kuwa zambo ce, watau mai wayon tsiya, wanda ke bin takarda baƙi-baƙi yana neman 'yar kafar da zai zurare da mai laifi. To, yaya aka yi suna ɗaya ya ɗauki yabo da zambo gaba ɗaya? Kuma duk biranen duniya me ya sa sai Filadelfiya? Abin da mu ke so mu bincika ke nan yau, gama cikin labarin akwai abin da ya shafi duk wanda a ke koya wa riƙon alƙalami.

Mu ma nan ba baƙin wannan zato ba ne. Kalmar lauya aro muka yi daga Ingilishi, amma da ta zo sai ta tarar da takwararta a gida, watau lauya ta lauya ƙarfe, ko lauya zance. Sabo da haka da Bahaushe ya ji an ce lauya, sai ya ɗauka ai sunan ya bi aikin. Ga shi kuwa zamanin mulkin Turawa ba a yarda lauya ya tsaya wa kowa a gaban alƙalan En'e na Arewa ba, kowa da bakinsa ya ke faɗin tasa, ya kawo shaidunsa. Don haka yawancin mutanen wancan lokaci labarin lauya kurum su ke ji daga Ikko, labarin nesa kuwa kun san ba ya rasa gishiri.

RIGIMAR GWAMNA COSBY

Filadelfiya birni ne a ƙasar Fensilbaniya, gabashin Amurka. Wani Bature mutumin Ingila, William Penn, ɗan ɗariƙar Kirista da a ke kira Kweka, shi ya kafa shi cikin 1682. Sunan daga harshen Yunanawa ya fito, ma'anarsa ƙaunar 'yan'uwa, 'yan makarantar Mishan kuwa za su tuna da wani tsohon gari mai wannan suna cikin Wahayin Yahaya. Amma labarin da za mu bayar ba a can ya faru ba. A Niyok ya faru, tafiyar mil casa'in da 'yan kai daga Filadelfiya, tun ƙasashen nan duka suna hannun Sarkin Ingila.

Cikin 1731 Gwamnan Niyok ya mutu, aka naɗa wani soja, William Cosby, ya gaje shi. Cosby bai iso ba sai cikin watan Agusta 1732. Cikin wata goma sha uku ɗin nan wani dattijon attajiri, Rip Van Dam, babba cikin 'yan majalisar Gwamna, shi ya riƙe ƙasar. Ko da Cosby ya sauka sai ya ce Van Dam ya ba shi rabin albashin da ya karɓa. Van Dam ya ce ya yarda, in dai shi ma Cosby zai kawo abin da ya samu da sunan sarautar tun yana Ingila a raba. Cosby ya ga in aka yi haka shi ke da hasara, sai ya kai ƙara.

Nan sai mu tsaya mu bayyana wata al'ada ta shari'ar Ingilishi, don in ba a gane ta ba, ba a gane sauran labarin. A manyan shari'unsu ba alƙali kaɗai ke yanke magana ba. Akan zaɓo mutum goma sha biyu daga cikin mutanen gari, manomi ne, ko ɗan tireda, ko mai sana'a, a rantsar da su, su zauna su ji ƙara da shaidu. Su a ke kira juri. Alƙali ya faɗa musu abin da doka ta ce, su kuma su keɓe su yi shawara, su dawo su ce da laifi ko ba laifi. In sun ce ba laifi magana ta ƙare, ba mai ikon ta da ita.

Cosby ya san in aka kai maganar gaban juri mutanen gari ba za su bi bayansa ba, don haka ya sa alƙalan Babban Kotu uku su zauna su yanke ta su kaɗai. Biyu suka yarda. Alƙalin Alƙalai, Lewis Morris, ya ce wannan ba bisa ƙa'ida ba ne, har ya sa aka buga ra'ayinsa a takarda kowa ya gani. Cikin 1733 Cosby ya tuɓe shi, ya naɗa wani saurayi daga cikin mutanensa, James De Lancey. Daga nan gari ya rabu biyu, ga mutanen Gwamna, ga mutanen Morris da Van Dam.

ZENGER DA JARIDARSA

A lokacin jarida ɗaya ce tak a Niyok, sunanta New-York Gazette, mai ita kuwa William Bradford, shi ke buga wa Gwamnati takardunta, kowa ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Mutanen Morris suka ga ba su da inda za su faɗi tasu, sai suka nemi wani mai maɗaba'a, John Peter Zenger. Shi Zenger Bajamushe ne, an haife shi cikin 1697, ya zo Niyok cikin 1710 tare da 'yan gudun hijira yana ɗan shekara goma sha uku, ya yi shekara takwas yana koyon ɗab'i a hannun Bradford ɗin nan, kana daga baya ya buɗe nasa shago. Talaka ne, Ingilishinsa ma bai nuna sosai ba. Masu rubutun na bayan fage, babbansu wani lauya mai zurfin ilmi, James Alexander, amma sunan Zenger kaɗai ke jikin takarda.

Ran 5 ga Nuwamba 1733 jaridar ta fara fita, sunanta New-York Weekly Journal, ana buga ta mako-mako. Fitowar fari ta ba da labarin zaɓen da aka yi a Eastchester, inda ma'aikacin Gwamna ya hana 'yan Kweka jefa ƙuri'a wai don ba su yin rantsuwa, duk da haka Morris ya ci. Daga nan ba makon da ba a taɓa Gwamna da mutanensa ba, wani lokaci da hujja, wani lokaci da habaici, har akan buga cigiyar ƙarya, a ce kare ya ɓace ko biri ya tsinke, a siffanta shi yadda kowa zai gane wane babban mutum a ke nufi.

Sau biyu cikin 1734 De Lancey ya nemi babban juri, watau masu duba ko ƙara ta isa a gurfanar da mutum, su tuhumci jaridar. Sau biyu suka ƙi. Majalisar Gwamna ta ba da umurni a ƙone fitowa huɗu na jaridar a bainar jama'a, manyan gari su halarta. Manyan gari suka ƙi zuwa, suka kuma hana haunin gari sa hannu, har dai shugaban 'yan doka ya sa bawansa, wani baƙin mutum, ya cinna wutar. Ran Lahadi 17 ga Nuwamba 1734 aka kama Zenger. Aka yanka masa beli fam 400, da masu tsaya masa mutum biyu, kowanne fam 200, alhali kuwa ya rantse in an ɗebe tufafinsa da kayan aikinsa abin da ya mallaka bai wuce fam 40 ba. Ya zauna kurkuku fiye da wata takwas. Amma mako ɗaya kaɗai jaridar ta fasa fita, don matarsa Anna ta riƙe shagon, takan zo ta tsaya bakin ƙofar kurkuku, shi kuma ya faɗa mata abin da za a yi ta wata 'yar kafa da ke jikin ƙyauren.

Da Babban Lauyan Gwamnati, Richard Bradley, ya ga babban juri ba za su tuhumce shi ba, sai ya shigar da ƙarar da ikon ofishinsa. James Alexander da abokinsa William Smith suka tsaya wa Zenger. Da buɗe bakinsu sai suka ce naɗin alƙalan nan biyu, De Lancey da Frederick Philipse, bai inganta ba, sabo da haka ba su da ikon jin ƙarar. De Lancey ya husata, cikin Afrilu 1735 ya soke sunayensu daga cikin lauyoyin kotun, ya ba Zenger wani matashin lauya, John Chambers. Shi Chambers, ko da ya ke ana lissafa shi cikin mutanen Gwamna, ya yi abin kirki guda: da ya ga an cusa barorin Gwamna da masu cin abinci a hannunsa cikin sunayen da za a zaɓi juri, ya ƙi yarda, sai da aka sake.

ABIN DA DOKA TA CE A LOKACIN

Laifin da aka tuhumci Zenger da shi shi ne ɓata sunan hukuma da neman ta da fitina. Abin da aka riƙe kuwa fitowa biyu ne na jaridar, inda aka ce ana tuɓe alƙalai ba dalili, ana kafa sababbin kotuna ba da yardar majalisa ba, ana hana mutane shari'ar juri in Gwamna ya ga dama, ana kuma hana masu hakki jefa ƙuri'a. Duk mutumin Niyok ya san an yi waɗannan abubuwa. Amma dokar Ingila ta wancan zamani ba ruwanta da wannan. Cewa ta yi, wanda ya buga abin da zai zub da girman mai mulki ya yi laifi, ko gaskiya ne ko ƙarya. Har ma masanan shari'a kan ce in gaskiya ne laifin ya fi girma, don ita gaskiya ta fi saurin harzuƙa jama'a. Wannan ƙa'ida ta samo tushe daga wani tsohon kotun sarakunan Ingila da a ke kira Ɗakin Taurari, wanda aka rushe cikin 1641 sabo da zaluncinsa. Aikin juri a irin wannan ƙara guda ɗaya ne, su ce mutumin ya buga ko bai buga ba. Ko abin da ya buga laifi ne, wannan na alƙali ne. Kun ga ashe Zenger ba shi da mafita, gama sunansa na jikin takarda, alƙalin kuwa Gwamna ya naɗa shi.

Alexander bai zauna ba. A asirce aka aika Filadelfiya wurin Andrew Hamilton, wanda a lokacin ba lauyan da ya kai shi suna a ƙasashen Ingilishi na Amurka. An haife shi wajen 1676, ya ƙetaro teku yana saurayi, ya zauna Bajiniya da Merilan, ya je Landan aka karɓe shi a makarantar lauyoyi ta Gray's Inn, ya zama lauyan gidan Penn. Cikin 1717 aka naɗa shi Babban Lauyan Fensilbaniya, cikin 1729 kuma ya zama Shugaban Majalisarta. Yana cikin waɗanda suka tsaya kan ginin zauren majalisar nan inda daga baya, cikin 1776, aka yi shelar 'yancin Amurka. Ya kusa shekara sittin, ga rashin lafiya, amma ya amsa, ya kama hanya.

RANAR SHARI'A

Ran 4 ga Agusta 1735 aka zauna a zauren hukumar gari, ɗaki ya cika maƙil. Bradley ya karanta ƙara, Chambers ya yi 'yar magana, sai Hamilton ya miƙe ya ce shi ma Zenger ya zo tsaya wa. Bradley ya riga ya tara shaidun da za su tabbatar Zenger ne ya buga takardun, cikinsu har da ma'aikacin shagonsa da 'ya'yansa biyu. Hamilton ya ce a sallame su, ba sai an wahalar da kowa ba, ya amsa da bakinsa Zenger ne ya buga. Ɗaki ya yi tsit. Bradley ya ce to, ai magana ta ƙare, sai juri su ce da laifi.

Hamilton ya ce a'a, da sauran magana. Ya ce a sake duba takardar ƙarar da Bradley ya rubuta da hannunsa. Cikinta an ce Zenger ya buga abu na ƙarya, na ɓatanci, na ƙeta, na ta da fitina. Ya kama kalmar nan ta ƙarya ya riƙe. Ya ce ba a banza aka sa ta ba, tun da ya ke an sa ta kuwa, sai a tabbatar da ita. In Bradley ya nuna abin da aka buga ƙarya ne, shi Hamilton zai yarda an yi laifi. In kuwa Bradley ba zai iya ba, to, a ba shi dama ya kawo shaidu ya nuna gaskiya ne. Da aka kawo masa hukunce-hukuncen dā, sai ya ce ai waɗannan na Ɗakin Taurari ne, ya zaci an binne su tare da kotun da ya haife su. De Lancey, wanda a lokacin bai cika shekara talatin da biyu ba, ya yanke cewa ba a yarda a kawo shaidar gaskiya cikin irin wannan ƙara ba.

Hamilton ya rusuna wa alƙali, ya yi godiya, kana ya juya ya fuskanci mutum goma sha biyun nan. Ya ce musu tun da an hana shi kiran shaidu, to, su ne shaidunsa, gama dalilin da ya sa a ke zaɓen juri daga cikin mutanen gari shi ne don sun san abin da ke faruwa a garin. Ya ce hana shaida ma shaida ce babba. Ya tuna musu da shari'ar William Penn da kansa a Landan cikin 1670, sa'ad da aka kama shi don ya yi wa'azi a titi, juri suka ƙi cewa da laifi, aka kulle su ba ci ba sha, aka ci su tara, ɗayansu Edward Bushel ya ƙi biya, har babban alƙali ya yanke cewa ba a hukunta juri sabo da abin da suka yanke. Ya nuna musu in dai ana bin habaici ana fassara shi yadda a ke so, to, ko ayar Annabi Ishaya mai tsauta wa shugabanni mutum ya karanta a fili sai a ce da Gwamna ya ke. Ya kwatanta mulki da babban kogi, wanda in yana cikin gaɓarsa kowa na amfana da shi, in ya yi ambaliya kuwa ba abin da ya ke bari. Daga ƙarshe ya ce abin da ke gabansu ya wuce maganar wani talaka mai maɗaba'a, ya wuce Niyok, magana ce ta ko ɗa yana da ikon faɗin gaskiya game da wanda ke mulkinsa.

De Lancey ya gargaɗi juri su tsaya kan aikinsu, su bar wa kotu sauran. Suka fita, ba su daɗe ba suka komo. Aka tambayi shugabansu, Thomas Hunt, ya ce ba laifi. Jama'a suka ɗauki sowa har sau uku, alƙali na tsawa ba mai jinsa. Da dare aka yi wa Hamilton liyafa. Kashegari aka saki Zenger, Hamilton kuma ya kama hanyar gida, jiragen ruwan da ke tashar suna buga masa igwa. Cikin watan Satumba hukumar gari ta ba shi takardar zama ɗan gari na girmamawa cikin wani ɗan akwati na zinariya. Ko anini bai karɓa ba na ladan aikinsa.

YABO DA ZAMBO A RANA ƊAYA

Yanzu ku duba abin da dattijon nan ya yi, za ku ga ma'anonin nan biyu na ƙamus duk suna cikinsa. Da fari ya ba da abin da ba ya iya karewa, don ya ja faɗan zuwa filin da ya zaɓa. Na biyu ya tsinci kalma ɗaya cikin takardar abokin gabansa ya rataye ƙarar duka a kanta. Na uku, da alƙali ya rufe masa ƙofa, sai ya bar alƙali ya koma wa juri. In don bin littafi ne, Bradley da De Lancey ke da gaskiyar doka a ran nan, wasu lauyoyi ma, har daga tsibirin Barbados, sun rubuta suna sukar Hamilton, suna cewa ya karkatar da shari'a ya ruɗi mutanen da ba su karanta ta ba. Wanda ke gefen Gwamna, mai lauya zance ya gani. Wanda ke gefen Zenger kuwa ya ga mutumin da ya sa wayonsa duka ya fid da wanda bai yi ƙarya ba.

Cikin 1736 aka buga labarin shari'ar a ɗan littafi da sunan Zenger, masana kuwa sun tafi a kan Alexander ne ya tsara shi. Cikin 1738 aka sake buga shi a Landan, aka yi ta sayensa, sunan lauyan nan na Filadelfiya ya shiga bakin mutane a gaɓar teku duka biyu. Wannan shi ne asalin da ya fi shahara. Amma mai bin tarihi ya kamata ya lura da abu guda: wuri mafi daɗewa da masu ƙamus suka sami karin maganar a rubuce shi ne wata mujalla ta Filadelfiya ta 1788, shekara hamsin da uku bayan shari'ar. Cikinta an buga wasiƙar wani Ba'amurke daga Landan, yana cewa mutanen can na da wannan karin magana, shi kuwa bai san mafarinta ba. Sabo da haka wasu masana suka ce ba Hamilton kaɗai ya jawo sunan ba. Cikin shekarun nan Filadelfiya ta zama babban birnin ƙasashen, attajiranta na aika 'ya'yansu makarantun lauyoyi na Landan, kamar John Dickinson wanda ya yi karatu a Middle Temple, a nan kuma manyan tarurrukan neman 'yanci suka zauna, har ta zama hedkwatar Amurka daga 1790 zuwa 1800. Mu dai a ganinmu maganganun biyu ba su saɓa ba, mutum ɗaya ya fara jawo wa garin suna, na bayansa suka riƙe shi. Da tafiya ta yi tafiya, mutanen arewa maso gabashin Amurka har cewa su ke yi lauyan Filadelfiya uku sun isa su kara da Shaiɗan. Daga nan kun ji yabo ya fara tsami.

ABIN DA YA BIYO BAYA

Kada ku zaci hukuncin nan ya sake doka nan take, gama abin da juri suka yanke bai wuce ƙarar da ke gabansu ba. Abin da ya yi shi ne ya sa gwamnoni suka riƙa jin tsoron kai masu jarida gaban juri. Cosby ya mutu cikin 1736, Zenger kuwa ya zama mai buga wa Gwamnatin Niyok takardu cikin 1737, ya mutu cikin 1746. Sai cikin 1791 Amurka ta sa 'yancin ɗab'i cikin tsarin mulkinta. Cikin 1792 Majalisar Ingila ta ba juri ikon yanke maganar ɓata suna dukanta. Cikin 1805 Niyok ta yi doka ta karɓi gaskiya a matsayin kariya, bayan wata shari'a ta 1804 da Alexander Hamilton ya yi jayayya a cikinta, shi kuwa suna kaɗai ya haɗa su da Andrew, ba dangi ba ne. Ingila ba ta kai nan ba sai 1843, ta kuma sa sharaɗi, sai in faɗin gaskiyar na da amfani ga jama'a. Wannan sharaɗi ba baƙo ba ne gare mu, gama malamanmu sun ce faɗin aibin mutum a bayan idonsa, ko da gaskiya ne, giba ce, amma sun halatta wa wanda aka zalunta ya kai kukansa inda za a share masa hawaye.

Akwai kuma wani abu da ba mu so mu ɓoye muku. Shekara shida bayan shari'ar Zenger, cikin 1741, gobara ta yi ta tashi a Niyok, aka ce bayi ne suka ƙulla makirci za su ƙone gari. A zauren nan dai aka gurfanar da su. Lauyoyin gari kaf suka haɗu suka taimaki mai ƙara, har da Alexander da Smith da Chambers, mutanen da suka tsaya wa Zenger jiya. Bayin nan ba wanda ya tsaya musu. Aka kashe baƙar fata wajen talatin, waɗansu da rataya, goma sha uku da wuta, da Turawa huɗu, yawanci bisa maganar wata yarinya baranya wadda aka yi wa alkawarin kuɗi da 'yanci. Masu tarihi har yau suna shakkar ko an yi makircin kamar yadda aka faɗa. A wannan karo ba wanda ya aika Filadelfiya. Hamilton kuwa a cikin shekarar nan ya mutu, ran 4 ga Agusta, ranar da shari'ar Zenger ta cika shekara shida daidai.

To, 'yan makaranta, cikinku akwai waɗanda za su zama akawuna, da alƙalai, da lauyoyi, da masu rubutu a jarida, mutanen da ba su yi karatu ba za su riƙa miƙo muku takarda suna cewa ku duba musu. Abu biyu mu ke so ku ɗauka daga wannan labari. Na ɗaya, ku riƙa karanta takarda kalma-kalma, kada ku tsallake ko ɗaya, gama kun ga kalma guda da mai ƙara ya rubuta bai kula ba ita ta buɗe wa Zenger ƙofar kurkuku. Na biyu, ilmin da Hamilton ya yi aiki da shi cikin 1735 shi ne dai ilmin da lauyoyin Niyok suka yi aiki da shi cikin 1741, abin da ya bambanta su shi ne wanda aka tsaya wa. In wata rana aka ce da ɗayanku lauyan Filadelfiya, kafin ya yi murna ko ya yi fushi, sai ya duba ya ga wa ya tsaya wa, da gaskiya kuma ko da ƙarya. Allah ya sa mu dace, amin.